Lakar Bakin Magudana

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Abban Safiya, a wani asibiti a Whitechapel.

Injiniyan noman rani ne. Karatu ya kawo mu Landan, muka zauna a Barking, teburin cin abincinmu ya koma ofis. A kwamfuta ya zana magudanar da ke shayar da gonakin ƙauyensu, yana bin yadda laka ke kwanciya a cikinta har ruwa ya kasa kaiwa gonar ƙarshe. Gonar nan kuwa ta wansa ce, Yaya Haruna, wanda alkamarsa ke bushewa kusan kowane rani. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na sha ce masa ban taɓa ganin wanda ya tsallake teku don ya karanci taɓo ba.

Abin da ya gano, a ido bai taka kara ya karya ba. Duk shekara mutanen garin kan yi gayya su yashe magudanar, su tara lakar a bakinta, a ci tuwo a watse. Da damina ta faɗi sai ruwa ya mayar da ita inda aka kwaso ta. Wato laka ɗaya suke ta kwasa shekara da shekaru. Shawararsa ita ce a riƙa kai ta cikin gona, tunda taki ce.

Ya faɗa wa wansa a waya. Daga kicin na jiyo amsar: "Kai da ka manta yadda ake riƙe shebur, daga Landan za ka koya mini yasa?" Abban Safiya ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya." Bai sake tayar da maganar ba, don a gidansu ƙane ba ya maimaita wa babba magana. Shirun nan ya ba ni haushi, har yau yana ba ni.

Yanzu an ce da tauraron ɗan'adam ake hango inda laka ta taru. Da yana raye, ina jin zai yaba, sannan ya tambaya wa zai tura baro.

Bara da rani na je gida, na leƙa ƙauyensu. Na tarar da bakin magudana a share, baƙar laka a baje cikin gonaki, alkamar Yaya Haruna kore shar. Na tambaye shi yaushe suka fara haka. Bai dube ni ba, ya ce, "Haka muka gada, Maman Safiya."

Digirin mijina bai kammalu ba, sunansa ba ya jikin allo ko takarda, ga shi wansa ma ya ƙi ambatonsa. Na ɗauka iyakar abin da zan samu ke nan.

Da zan tafi ya rako ni har bakin mota, abin da bai taɓa yi ba. Ya dubi gonar, ya ce, "In kin koma kin je kabarinsa, ki yi masa addu'a a madadina. Ruwa ya iso."