Na Kawo wa Inna Bahar Maliya a Jarka

Talata: daga gida zuwa Kasala

Ƙarfe biyar saura kwata na bar ƙauyenmu da ke yamma da Hasahisa, riƙe da jarkoki huɗu babu komai a ciki. Matata Hajara ta rako ni bakin ƙofa tana cewa, "Mutane na zuwa Bur Sudan su sayo rediyo, kai ruwa za ka sayo."

Ga dalilin tafiyar. Mahaifiyata, Inna, tana 'yar shekara shida mahaifinta ya taso da ita daga ƙasar Sakkwato a ƙafa, za su Makka, su ƙetare Bahar Maliya a jirgi. Suka tsaya Jazira, nan Sudan, tsinkar auduga ta shekara ɗaya don neman guzuri, shekarar nan ba ta ƙare ba har ya rasu. A nan kowane kogi bahar ake kiransa, amma in aka ce wa Inna ga bahar, sai ta ce, "Wanga ba shi na ba. Na Baba da gishiri." Yanzu ƙafafunta sun daina ɗaukarta, likita a Madani kuma ya ce idonta saura kaɗan, launi kawai take rarrabewa. Tsoro ya kama ni kada ya rufe ba ta ga ruwan nan ba.

Ni mai tsaron ƙofar ruwan gonaki ne, ba mai hali ba. Gilashin tsohon kanti na saya aka liƙa mini akwati mai cin jarka uku, na samo ɗan famfon iska na hannu da tsohon batirin mota. Gwajin farko, gishirin miya na zuba a ruwan Nilu na saka karfasa biyu. Kafin azahar sun juya ciki sama. Hajara ta ce tunda sun zo da gishirinsu, saura mai.

Ƙarfe bakwai na hau bas a Madani. Muka ci wake da burodi a Gadarif, la'asar sakaliya muka shiga Kasala, na kwana a lokanda, masaukin matafiya, kusa da tasha.

Laraba da Alhamis: Bur Sudan

Daga Kasala tafiyar wuni ce cur. Bayan Sinkat hanya ta yi ta murɗewa tsakanin duwatsu, can da yamma na hango shuɗi har ƙarshen gani. Na kau da ido, don ba ni ya kamata in fara gani ba.

Na sauka gidan Baba Idi, masunci, mutumin Abu Na'ama da ya koma can tun yana saurayi. Da safe na ce masa kifi goma nake so, da reshen murjani mai rai.

"Goma? A jarka ukku?" Ya yi dariya. "Ya zol, bawan Allah, kabari za ka gina musu? Biyu. Mai rai kuwa ba a karya shi, kahin Kasala ya ruɓe."

Ya shiga ruwa iya ƙugu ya tsinto mini ɓaraguzan murjani da suka faɗi da kansu, ya ce ƙananan halittun da ke jikinsu su ne za su riƙa wanke ruwan. Ya kamo kifi biyu kamar babban yatsa, ɗaya shuɗi, ɗaya rawaya. Sannan ya riƙe hannuna.

"In ruwa ya ragu, na daɗi za ka ƙara, dahwahhe, ba na gishiri ba. Rana ruwa taka sha, ba ta shan gishiri. Ja layi a gilashi, kamar ma'aunin ƙoharku."

Na ba shi kuɗi ya ƙi karɓa. Ya ce in gai da Hajiya, ko da yake ya san ba ta je ba.

Juma'a da Asabar: komowa

Ƙarfe shida muka tashi. Jarkoki uku a ƙarƙashin bas, ta kifin tsakanin ƙafafuna, naɗe da jiƙaƙƙen buhu kamar yadda muke sanyaya ruwan gona, famfo na ta ɓulɓul. A shingen bincike kafin Haya wani soja ya ƙwanƙwasa ta.

"Da shinu? Mene ne wannan, giya ce?"

Na ce ya ɗanɗana. Ya tsoma yatsa, ya tofar, fasinja suka fashe da dariya. Da na ba shi labarin Inna, shi da kansa ya zuba wa buhun ruwan gorarsa.

Zafin rana tsakanin Haya da Kasala ba a magana. Da muka tsaya salla na leƙa, shuɗin ya mutu. Na cire shi, na zauna bakin hanya raina a ɓace kamar na yi rashin mutum. Daga nan direba ya mai da ni kujerar da rana ba ta bugu. Washegari tun daga Kasala har Madani ban ci komai ba, kowane minti goma sai na leƙa.

Gida

Ƙarfe biyar da rabi na yamma na shiga gida. Muka jera duwatsun murjanin a akwati, muka juye ruwa, na ja layi da alƙalami. Sai da ruwan ya kwanta, hantsin Lahadi, na saki kifin. Hajara, wadda yau ba ta da abin tsokana, ta kama Inna muka zaunar da ita gab da gilashi.

Ta daɗe tana kallo. Kifin ya ɓuya bayan dutse. Can ya fito.

"Ga wani abu rawaya yana tahiya," in ji ta.

"Shi ne, Inna."

Ta lalubi bakin akwatin, ta tsoma yatsa, ta kai baki. Ta sake tsomawa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya komo da ni, na gode wa Baba Idi, da direba, da sojan da ban san sunansa ba. Ina cikin wannan godiya a zuciyata Inna ta dafa gwiwata.

"Babana ya yi gaskiya, da gishiri," ta ce. "To, Habu, mun iso bakin ruwa. Saura jirgi."