Jinin Hussaina Yana Wurinki, Dakta Ikilima

Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, da hantsi, ina shagona na atamfa a kasuwar Marché Congo da ke Douala aka zo mini da labarin cewa Dakta Ikilima Tahir ta rasu. Mota ce ta buge bensikin, wato babur ɗin hayan da ya ɗauko ta, a hanyarta ta zuwa aiki. Dukanmu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Haka na faɗa, sannan na rufe shagon.

Dakta, ni ce Rakiyatu, uwar 'yan biyu. Wasu za su rubuta karatunki da digirinki. Ni abin da na sani shi ne a unguwar New Bell aka haife ki, kuma duk zurfin karatunki ba ki taɓa wuce tsohuwa a layi ba ki durƙusa ba.

Hassana tana da shekara shida lokacin da ta fara ramewa kamar ana zare ta, har ta suma a makarantar Islamiyya. Da aka ce ciwon suga ne, unguwa ta ɗora mini laifi, wai na cika wa yarinya ciki da alewa. Na tsaya a ƙofar gida na wanke mutum biyu tas, amma da na shiga ɗaki kuka na yi, domin ni ma na fara yarda. Ke ce kika zaunar da ni a kan benci kika ce wannan ba irin na manya ba ne. Sojojin jikinta ne suka rikice, suka afka wa wurin da ke samar mata da insulin suka lalata shi. Kika ce ko kurɓin lemo ban taɓa ba ta ba, zai iya zuwa. Ranar na ci abinci.

Ke kika koya mini yin allura a jikin lemon zaƙi. In wuta ta ɗauke a layinmu, kafin in nema kin aiko a karɓi maganin Hassana a kai firjinki.

Sai kika zo da maganar bincikenki. Kin ce akwai wasu ƙananan abubuwa a cikin jini, micro-ARN kike kiransu da Faransanci, masu rage wa umarnin jiki murya kamar yadda ake rage rediyo. Kina so ki gano ko suna sauyawa tun kafin ciwon ya fito fili. Don haka kina neman jinin Hassana, da na Hussaina wadda lafiyarta ƙalau. Uwar mijina, Hajiya Tsohuwa, ta ce ko ɗigo ba za a taɓa na mai lafiya ba. Ba ki yi mata gardamar likitoci ba. Kin cire takalmi, kin zauna a gefen tabarmarta, kin ce, "Hajiya, tun yaushe a gidan nan ake yi wa Hassana abu a hana Hussaina?" Matar da ko ɗan kunne ba ta yarda a saya wa ɗaya a bar ɗaya, don tsoron fushin tagwaye, ta dube ki sama da ƙasa. Can ta ce, "'Yar Tahir, kin fi ubanki wayo." Ita da kanta ta riƙe hannun yarinyar.

Shekaru kenan kina zuwa kina ɗiba. Kullum sai na tambaye ki me kika gani, kullum sai ki ce bincike ne, ba duba ba, kada in ɗora raina a kai. Ina jin haushinki a kan haka, kuma na faɗa miki. Dariya kawai kike yi.

Amma a satin da kika rasu kin kira ni a waya, muryarki ba irin ta kullum ba. Kin ce, "Maman biyu, ki kawo mini Hussaina ranar Laraba, akwai abin da nake so in sake dubawa. Kada ki tsorata." Larabar ta same mu a zaman makokinki.

Me kika gani, Dakta? Na je wurin aikinki. Wani abokin aikinki ya karɓe ni da mutunci, ya ce wannan bincike bai kai ya yanke hukunci a kan yaro ɗaya ba, in dai ina shakka in auna sugan yarinyar. Gaskiya ya faɗa. Amma shi bai san Hussaina ba, bai san tana ɓuya a bayan ƙofa in ta ga allura ba sai ta ji ke ce. Na roƙe shi kada su zubar da jininta da kika adana, har ya rasa yadda zai yi da ni.

Yanzu Hussaina ta fara yawan shan ruwa. Babansu ya ce zafin Janairu ne, kowa a Douala yana sha. Na ce haka ne. Na'urar awon Hassana tana gidan, sau nawa a rana nake amfani da ita, amma in na juya wajen Hussaina sai in mayar da ita in ajiye. Tsoro nake ji, Dakta. Ɗaya na iya ɗauka ne saboda kina nan.

Ya Allah, Ka jiƙan Ikilima. Ka yafe mata, Ka yalwata kabarinta, Ka saka mata da Aljanna a kan kowane yaro da ta riƙe wa hannu. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifinta Alhaji Tahir, da mijinta Malam Sirajuddeen, da ɗanta Muhammad Bashir, da iyayen yara masu wannan ciwo daga New Bell har Bonabéri. Allah Ya ba mu haƙuri. Duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a, ya ƙara da ni, domin gobe da safe zan kira Hussaina in kama yatsanta, kuma in na ga abin da na'urar ta nuna ban san wa zan kira ba.