Bugun Zuciyar Yaya Isuhu

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Isuhu, bakaniken babura a Mai'adua. Allah Ya jiƙansa.

Ciwon ya same shi ne a shekarun da aka fara Shari'a a jiharmu. Yana cikin ɗaure noti sai zuciyarsa ta hau bugawa barkatai, numfashi ya gagare shi. Ƙwayoyin da aka ba shi don daidaita ta jiri kawai suka ƙara masa. Wani likita a Kano ya ce akwai wata hanya: a sa shi barci na ɗan lokaci, a ba ƙirjinsa wutar lantarki, bugun ya koma daidai.

Gida ya rikice. Innarmu ta ce, "Wuta a ƙirji? Ba dai ɗana ba."

Yaya ya je wurin limamin unguwa, ya dawo ya durƙusa gabanta. "Inna, Malam ya ce neman lafiya ba ya kore tawakkali. Ki sa min albarka kawai." Tana kuka ta sa masa.

Ni na raka shi Kano aka yi aikin. Da ya farka, ya kamo hannuna ya ɗora a ƙirjinsa. Na ji bugu yana bin bugu, babu gaggawa, babu tuntuɓe. Ya ce, "Ka ji ko? Inji ya zauna."

Likita ya gargaɗe shi cewa ciwon yana iya dawowa. Daga ranar ya bar taba, ya rage gishiri da maiƙo, bai wasa da maganin jininsa ba. Mai gyaran babura ya koma tafiya gona da ƙafa, ana yi masa dariya har tumbinsa ya zube. Mai nema yana tare da samu. Shekara goma sha huɗu ya ƙara, ya yi ɗawafi da ƙafarsa, kuma da ajali ya zo, zazzaɓi ne sanadi.

Yanzu an ce ana zura siririyar waya ta jijiyar cinya har zuciya, a ƙona ɗan wurin da ke rikita bugun. Da yana raye, na san sai ya roƙi a nuna masa kayan aikin.

Bai bar gidaje ba. Amma bara wata dattijuwa daga Baure ta yi sallama a gidanmu. Ta ce labarinsa ne ya cire mata tsoro har ta yarda aka yi mata irin aikin da aka yi masa. Ta zo da ƙwaryar gero, ta ce a yi masa sadaka.