Silifas ɗin Matata a Ƙafar Mai Kunne

Ina ɗinkin takalmin wani direba, 'yar abokina ta fari ta tsaya a ƙofar shagona. Ta ce, "Baba, abokinka ya rasu ɗazu da safe." Na yi salati, na ajiye takalmin, na shiga laluben allurar da take riƙe a bakina.

Mai Kunne ake ce masa, kuma shekara talatin da ɗaya muka yi tare. Mutane da yawa ba su gane aikinsa ba, har surukinsa ya mutu yana zaton gyaran rediyo yake yi. Idan an ɗauki fim, ƙarar ƙananan abubuwa ba ta fita sosai, sai a kawo masa hoton ya sa mata rai. Ɗakinsa yana bayan wani gidan talabijin, an lulluɓe bangon da tsofaffin katifu don kada hayaniyar titi ta shiga. Ruwan sama a wurinsa shinkafa ce yake zubawa a kan murfin tukunya. Wuta kuwa leda ce yake murzawa kusa da makirufo. In an karya ƙafar wani a fim, karas ne ya sha wuya. Matarsa ta sha cewa ita kaɗai ce mace da take neman murfin tukunyarta a wurin aikin mijinta.

Amma abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne tafiya. Akwai akwatuna huɗu a ƙasan ɗakin, na yashi, na tsakuwa, na katako da na siminti. Zai sa takalmi ya shiga ɗaya, idonsa a kan allo, ya taka daidai da mutumin da ke ciki. Yakan ce babu mutum biyu masu tafiya iri ɗaya. Ya zauna a bencin shagona ya rufe ido, ya riƙa faɗa mini wanda ke wucewa, da wanda ya yi faɗa da matarsa kafin ya fito. Duk takalmin da mai shi ya watsar a wurina, shi nake tara wa. Ina kiransa ɓarawon tafiya, yana kirana likitan dunduniya.

Matata ta taɓa faɗowa daga tsani tana ƙarama, don haka takan ɗan ja ƙafar hagu, kuma kullum makullai suna ɗaure a bakin zaninta. Tun daga lungu nake sanin ta kawo mini abincin rana. Da ta rasu, na tattara tsofaffin takalma a buhu na ba shi. Ban san silifas ɗinta yana ciki ba.

Bayan wata takwas, ina aiki da la'asar, talabijin ɗin mai askin da ke maƙwabtaka da ni yana kunne. Wani wasa ake yi, wata tsohuwa za ta kai wa ɗanta ruwa. Ban ma kalla ba. Kawai na ji matata tana tahowa, taku ɗaya, jan ƙafa ɗaya, makullai suna kaɗawa. Na miƙe na juya wajen ƙofa. Babu kowa sai rana.

Ko rufe shago ban yi ba. Na sami Mai Kunne a ɗakinsa, cikin akwatin siminti, silifas ɗin a ƙafarsa, dunduniyarsa ta fito waje don ya yi masa kaɗan. Ya soma yi mini bayani, wai takalmi biyar ya gwada wa tsohuwar babu wanda ya dace, da ya sa wannan sai ƙafarsa ta tuna da kanta. Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce ya mai da mamaciyata abin kallon masu shan shayi. Na sa ya cire, na ɗauka na fita, na bar shi tsaye ba takalmi.

Shekara biyu ban taka ɗakin nan ba. Mukan gaisa a hanya kamar waɗanda suka haɗu a mota.

Ga abin da ban taɓa gaya masa ba. Ana maimaita wasan duk Talata, kuma duk Talata nakan je shagon mai aski in zauna, in juya wa talabijin baya, in jira ta shigo. Mai aski ya gane, yakan kashe injinsa in an zo wurin. Abin da nake zagin abokina a kai, shi nake rayuwa da shi. Girman kai ne kawai ya hana ni tsallaka titi biyu in ce masa na gode.

Bayan an kai shi makwancinsa, matarsa ta miƙo mini wani kaset daga aljihun rigarsa ta aiki. Ya rubuta a jiki, "Na likita." Minti goma sha ɗaya ne, babu magana ko ɗaya. Takun matata ne, tana tafiya a kan siminti, ta bi yashi, ta tsaya a bakin ƙofa, makullai su yi shiru. A ƙarshe ana jin numfashinsa, ya gaji.

Sati uku kafin rasuwarsa ya zo shagona da wani takalmi da ba abin da ya same shi. Ya rame. Na duba, na buga ƙusa ɗaya don kada ya ji kunya.

Ya ce, "Har yanzu fushi kake, likita?"

Na ce aiki ne ya yi yawa.

"Akwai abin da na ajiye maka. Ka zo ka karɓa."

"Zan zo in na samu sarari."

Ya yi dariya, ya nuna ƙafata da leɓe. "To ka zo da wannan takalmin naka mai kuka. Tun daga bakin titi zan san kai ne, in ɗora shayi."

Na ce, "Bari in gyara shi tukuna."

Ya ce, "Kar ka gyara, mutumina. Haka na saba jin ka."