Auta da Fumfunar Masara

A wurin aiki Dakta ake ce mata, a gida kuwa ko da furfura ta fara leƙo mata, Auta ce. Ta daɗe a wani ɗakin bincike mai warin sinadari, tana nazarin fumfunar da ke kama masara idan an adana ta da danshi, wadda dafinta ke cin hanta a hankali. Ta yi rubuce-rubuce a mujallun masana, sai dai masu karantawa ba za su cika tabarma ɗaya ba.

Wata rana ta je gaida Inna, ta tarar tana tsintar masara a faifai, tana ware masu kore-kore.

"Waɗannan fa, Inna?"

"Wankewa zan yi a niƙa. Abinci ai ba a zubarwa."

Auta ta dubi faifan. Abin da take gargaɗin duniya a kansa, ga shi a tsakar gidansu. Ta zauna ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta yi wa Inna bayani dalla-dalla: wanki ba ya fitar da dafin, wuta ma ba ta kashe shi. Ashe yayanta, direban babbar mota, yana gefe yana ɗauka da waya. Kafin ta koma gida ya saka bidiyon a intanet, ya nuna mata.

"Haba Yaya! Ɗankwalina ma a karkace!"

"Ke dai duba saƙonni," in ji shi.

Ta duba. Wani manomi na tambayar yadda zai gane masararsa ta bushe. Wata mai kiwon kaji ta ce yanzu ta fahimci abin da ke kashe mata 'yan tsaki. Har wani masani daga wata ƙasa ya turo sakamakon bincikensa, yana neman su haɗa hannu. Idon Auta ya ciko.

Tun daga nan duk mako take zuwa su yi sabon bidiyo, Inna na tambaya, ita tana amsawa. In ta zarce da manyan kalmomi, sai tsohuwar ta dafa mata gwiwa.

"Sauko ƙasa, 'yar nan. Ni ban gane ba, balle mutanen cikin waya."

Sai Auta ta yi dariya, ta sake daga farko.