Zaren Bature a Gonar Hambali

Ranar da aka ba Hambali ajiya, wuni aka yi ana ruwa, irin na marka, ba tsawa ba iska, sai yayyafin da ke jiƙa mutum har ɓargo. Shekara uku ke nan bayan kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikata, lokacin da ko masinja ya sayi rediyo yana yawo da ita a kafaɗa kamar ɗan fari.

Hambali mutumin Zandam ne. A wancan lokaci kuku ne a sansanin kamfanin da ke aikin hanya tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Ubangidansa wani Bature ne mai awon hanya, mutumin ƙasar Folan, sunansa Yanush, leburori suka sauƙaƙa masa suka ce Yunusa. Ba shi da faɗa, ba ya ƙirga sukari. Aibinsa ɗaya: yana da wani akwatin sauti mai faifai biyu, zare na tafiya daga wannan zuwa wancan, kuma kullum da la'asar sai ya kunna.

Abin da ke fitowa daga akwatin, Hambali ya ce kamar maƙera da 'yan gwangwani ne suka kaure da faɗa ranar kasuwa, jaki ya shiga rabo. Mai ƙaho ya yi gabas, mai ganga ya yi yamma, mai garayar lantarki yana kuka shi kaɗai. Ba waƙa, ba amshi.

"Maigida," in ji Hambali wata rana, "wa suke yi wa wannan kiɗa?"

"Ba kowa," in ji Yunusa, da Hausarsa ta leburori.

"To, wa zai yi musu kari?"

Nan ya ji labarin. Su biyar ne, abokai, Yunusa ne mai ƙahon. Kiɗan jaz suka haɗa da na samarin zamani, haɗin gambiza, suka ɗauka a faifai huɗu. Kamfanin faifan ƙasarsu ya saurara ya ce ba zai buga ba. Makaɗin gangar ya mutu, saura suka watse. Duk duniya ba inda kiɗan nan yake sai faifan nan huɗu. Hambali ya jinjina kai ya ce Allah ya jiƙan rai, a ransa kuwa ya ce ashe a Turai ma akwai masu kunne.

A ranar markar nan aka kira Yunusa gida da gaggawa. Ya ce a bakin iyakar ƙasarsu ana ƙwace irin wannan kaya, don haka ya jera faifan a akwatin ƙarfe ya miƙa wa kukunsa.

"Wata uku zan yi. Kada rana, kada ruwa. Amana, Hambali."

"Ko shekara uku ce, Maigida, yadda ka ba ni haka za ka karɓa."

Wata ukun Bature ya zama shekara takwas. Kamfani ya naɗe kayansa, Hambali ya koma Zandam ya riƙe fartanya. Akwatin yana ƙarƙashin gadon matarsa Kubra, a kan duwatsu uku saboda gara. Daminar da ɗakin ya yi yoyo, akwatin aka lulluɓe da tabarma, Kubra ta kwana a jiƙe.

"Malam," ta ce, "in na mutu a binne ni da shi, tunda ya fi ni gata."

Shi dai sai ya ƙara gyara wa akwatin tabarma. Bai da shanu, bai da keke, amma duk Zandam in za a yi misali da riƙon amana sai a ce Hambali mai akwatin Bature. Da wannan suna yake zama gaban sahu a wurin ɗaurin aure.

Sai shekarar jan-baki ta zo. Maiwa ta fitar da kai, tsuntsaye suka sauko kamar hadari. Yaran da ke kora a da duk boko ta kwashe su. Dabarar da aka samu ita ce zaren kaset: a zare shi a ɗaura a kan karare daga wannan kusurwa zuwa waccan, iska ta kaɗa shi ya yi walƙiya ya yi kuka, tsuntsu ya tsorata. Hambali ya tafi Gwaram wurin Sabo mai gyaran rediyo neman matattun kaset.

"Ka makara, Baba Kuku," in ji Sabo. "Jiya wani ya saye har na wa'azi. Kai da kake kwana a kan buhun zare, me ya kawo ka wurina?"

"Wannan amana ce."

"To, ka dafa amanar ku ci da rani."

A gida Kubra ta maimaita maganar, ta ƙara mata barkono. Hambali ya kwana biyu yana kallon gonarsa tana zama ƙaiƙayi. A na uku ya samo mafita, kuma har yau yana ganin ta malamai ce. Cewa ya yi Bature bai hana aro ba. Igiyar guga ma ana ara a ja ruwa a mayar, ba ta ragu ba. Zai zare, ya ɗaura, in an yi girbi ya naɗe abinsa. Zancen rana da ruwa kuwa, ai damina ta wuce, ranar kaka kuma ba ta kai ta bazara ba.

Faifai guda ya zagaye gonar har ya yi saura. Zaren Turai ne, mai faɗi, kukansa ya fi na kaset. Jan-baki suka ji abin da Hambali ya sha ji da la'asar, suka yi abin da shi bai samu damar yi ba, suka tashi suka koma gonar surukinsa Buba. Buba ya zo aro. Wa ke hana suruki aro? Kafin mako ya zagayo, faifai huɗun nan suna rawa a gonaki tara.

Bayan girbi Hambali ya bi gona gona ya tattara kayansa. Ba a taɓa ganin mai kula irinsa ba. Inda zaren ya tsinke ya ƙulla shi ƙullin guga. Kashin tsuntsu ya wanke da sabulun salo, ya shanya a kan danga. Da ya ga ya yi fari-fari, sai ya shafe shi da man gyaɗa har ya fi da sheƙi. Ya naɗe faifai huɗu cif, wanda ya gaza ya cika shi da na ɗan'uwansa.

Kaka biyu bayan haka wata mota ta tsaya a ƙofar gidan. Yunusa ne, kai ya yi fari, da akwatin sautinsa mai batir. Ya ce yanzu a ƙasarsu an fara neman tsohon kiɗa, wani kamfani zai buga nasu. Da ya ga akwatin ƙarfen sai hawaye, ya rungume Hambali a gaban mutane. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, rabin gari ya taru.

Faifai ya juya. Aka ji shuu, kamar ana sheƙar hatsi. Ƙaho ya yi tari sau biyu, ganga ta fito da baya, sai ƙulli ya zo ya maƙale. Yunusa ya taɓa zaren, ya shinshina yatsansa. Ya sa na biyu, ya sa na uku. Na huɗu bai sa ba.

"Ni dai kamar yadda na san shi," in ji Hambali. "Sai dai ya ɗan yi sanyi."

"Me ka yi masa?"

Hambali bai ɓoye komai ba, har man gyaɗar. Buba ya matso ya ce a gaya wa Bature sun gode, gona tara zarensa ya tsare.

"Dami nawa?" in ji Yunusa.

"Nawa ni kaɗai sittin da biyu, Maigida," in ji Hambali.

"Mu biyar," in ji Bature, "kiɗan nan bai taɓa saya mana burodi ɗaya ba."

Ya rufe akwatin ya kai mota da kansa. Kubra ta aiko da fura, bai sha ba. Hambali ya miƙa hannu, Bature ya dubi hannun, ya shiga mota. A zaure wani ya ce Turawa ba su da godiya, wani ya ce a'a, an dai ci amana da man gyaɗa. Maganar ta biyu ce ta bi gari, don ta fi daɗin faɗa. Daga ranar aka daina misali da shi, masu kawo masa ajiya suka koma wurin liman.

Shi kuwa bai taɓa yarda ya yi laifi ba. Huɗu aka ba shi, huɗu ya mayar, ko taƙi bai ɓace ba.

Hambali yana nan a Zandam. Kubra ta rasu, idonsa ya yi rauni, yana zaune a gidan babban ɗansa.