Inda Yaya Lawan Ya Shuka Fure

Bana shekara arba'in da shida ke nan da muka rasa yayana Lawan a Gumel. Makon jiya na bi ta bayan gidanmu na gado, sai da na toshe hanci da bakin mayafi.

Yaya Lawan malamin gona ne, kullum yana kan keke tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar. A farkon shekarun saba'in wani direba mai zuwa kasuwar Maigatari ya kawo masa saiwar wani fure daga Jos, naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Furen ruwan goro ne. Ya buɗe da safe, kafin magariba ya yanƙwane, washegari wani ya fito. Yaya ya haƙa masa rami a gindin katangar bayan gidan, inda ranar yamma ba ta duka, ya zuba ruɓaɓɓen takin awaki, ya rufe da ƙaiƙayi don kada ƙasa ta bushe.

Sai fari ya zo, rijiyar unguwa ta ja baya. Wata rana baffanmu Alhaji Sani ya tarar da shi tsugune yana ban ruwa.

"Lawan, mutane na neman na sha, kai kana shayar da ciyawa?"

"Baffa, ruwan alwalata ne. A kwano nake tara shi."

Gaskiya ya faɗa. Har damina ta dawo bai taɓa zubar da ɗigo a ƙasa ba. Da tushen ya cunkushe, ya tone ya rarraba wa maƙwabta. Yawancinsu awaki suka bar wa.

Yau wurin juji ne. Leda, ƙunzugun jarirai, ruwan kwata baƙi ƙirin, ga masu wucewa na tsugunawa su yi fitsari da rana tsaka. Famfon gidan kuwa yini yake yana yoyo. Na yi wa Nura magana, jikan Baffa da ke zaune ciki. Ko ɗago kai daga waya bai yi ba.

"Gwaggo, ai kowa nan yake zubarwa."

Me Yaya zai ce da ya gani? Na san shi. Shebur zai nema, mu kuma mu tsaya muna kallonsa kamar yadda muka saba.

Bai bar ɗa ba, ko tushe ɗaya na furen bai saura ba. Abin da ya rage nasa shi ne wannan ƙyamar da ke taso mini, don shi ya koya mini ita. Duk ranar da na wuce wurin ban ji komai ba, ranar ce muka binne shi da gaske. Allah ya jiƙanka, Yaya.